Injiniya da Wuyan Babur ɗin Malam

Akwai masu walda da suka san iyakar hannunsu: ƙyaure, taga, gadon ƙarfe, in an matsa musu su liƙe gindin bokiti. Auta ba ya cikinsu. Shekara shida yana haɗa ƙyamare a shagonsa na bakin titi, babu ko ɗaya da ke rufuwa sai an ɗaga shi da gwiwa, amma ya sa aka rubuta masa INJINIYA da jan fenti a saman shagon, harafin ƙarshe ya gangaro ƙasa saboda allon ya ƙare. Sunan ya bi shi. Masu kiransa da shi dariya suke yi, shi kuwa da gaske yake amsawa.

Wata Litinin da safe ya tsaya gaban masu zaman benci a ƙofar shagon, ya sanar da su cewa duk baburan duniya an yi kuskure a wuyansu.

"Masu kamfani matsorata ne," in ji shi, yana kaɗa guduma. "Ku dubi ƙafar gaba. Ba ta tsaya ba, ba ta kwanta ba, kamar mai shawarar zama. Ni na gano inda sirrin yake. Babur ɗaya tak nake nema in nuna a kansa. Daga ranar, layi za a riƙa yi mini har gidan mai."

Mai aski, wanda shagonsa ke manne da nasa, ya leƙo da almakashi a hannu. "Injiniya, ƙyauren da ka yi mini fa? Har yau da dutse nake tokare shi."

"Ƙyaure aikin masu koyo ne. Ni maganar ilimi nake yi."

Bai rufe baki ba sai ga Malam, mijin yayarsa, ya faka babur a gaban shagon. Malam ya yi shekara talatin da biyar yana koyar da lissafi kafin ya yi ritaya, kuma mutum ne da ko gaisuwa ka yi masa a karkace sai ya sa ka sake. Babur ɗinsa ya shekara goma sha tara a hannunsa. Kullum da safe sai ya goge shi, kuma a kansa yake kai matarsa asibiti duk mako saboda ciwon gwiwa, don motar haya ba ta shiga lungunsu. Takardar izinin hawa titi ta babur ɗin tana gab da ƙarewa. Ranar Alhamis da ƙarfe tara zai kai shi filin duba ababen hawa, in ya ci a sabunta takarda, in ya faɗi a hana shi titi. Abu ɗaya ne Malam ya ga zai iya jawo masa magana, wato kariya, ƙarfen ɗora kaya na baya, da ta ɗan tsage.

"Kariya," in ji Malam. "Nan, inda na sa alli. Ka liƙe ta. Kada ka taɓa komai. Maimaita."

"Kariya, Malam."

"Sai me?"

"Kada in taɓa komai."

"Madalla. Ƙarfe huɗu zan dawo."

Ƙarfe huɗu daidai ya dawo, ya wuce babur ɗinsa ba tare da ya gane shi ba. Sai da ya ga lambar ya ja da baya. An yanke wuyan babur ɗin, wato bututun da kan babur ke juyawa a cikinsa, an kwantar da shi baya an sake liƙewa. An ƙara wa ƙarafan gaba tsawo da bututun famfo. Tayar gaba ta yi nisa can, kamar ta yi fushi da ta baya ta kama hanyarta. Kariya kuwa tana nan da tsagewarta, allin ma bai goge ba.

Malam ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Abin bai canza ba.

"Me na ce ka maimaita da safe?"

"Malam, hau ka ji tukuna. Kai mai ilimi ne, ba ka yanke hukunci kafin gwaji. Wannan babur ko bacci ka yi a kansa ba zai kauce ba."

Malam ya faɗi maganganu da yawa, duk a tsare, babu ashar ko ɗaya, amma magana ba ta warware walda. Gida kuma dole a koma. Ya hau.

A miƙaƙƙen titi, gaskiya, babur ɗin ya tafi sak kamar an ɗora shi a kan layin dogo. Matsalar ta fara ne da Malam ya iso kwanar lungunsu. Ya karkata kan babur, kan ya ƙi, sai ka ce wani ƙato ne ya riƙe shi ta gaba. Ya wuce lungunsu. Ya wuce na biyu. Da ya rage gudu sosai don ya lallaɓa ya juya, sai kan ya faɗi hagu gaba ɗaya da nauyinsa, tayar ta kwanta, babur da Malam suka shige rumfar mai sayar da robobi. Bokitai suka watse, bahon wanka ya gangara titi yana juyi, wani kwano ya kife a kan madubi.

"Malam, lafiya?" in ji mai robobi. "In baho kake so ai sai ka aiko."

Sai da maza huɗu suka ɗaga babur ɗin cak suka juya fuskarsa wajen gida, suka sake ɗaga shi a bakin lungu. Matar Malam tana tsaye a ƙofa.

"Na ga ka wuce ɗazu kana ɗaga mini hannu."

"Ba gaisuwa ba ce. Taimako nake nema. Aikin ƙaninki ne wannan."

Ta dubi babur ɗin daga gaba zuwa baya, abin da ya ɗauke ta lokaci, ta ce, "Wayyo Auta."

Talata da sassafe Malam ya tura babur ɗin wajen wani tsohon makanike da ake ji da shi. Tsohon ya zagaya shi sau biyu, ya shafa waldar da yatsa, ya goge yatsan a riga.

"Malam, ni makanike ne, ba mai ɗorin karaya ba. Ka mayar wa wanda ya karya."

Haka Malam ya koma shagon Auta, da doguwar sanda miƙaƙƙiya, da zare mai ɗaure da ƙusa, da alli. Ya sa mai aski ya fito da babur ɗinsa, wanda irin na Malam ne sak, aka tsayar da shi a kan siminti. Masu zaman benci suka matso.

"Ka buɗe kunnenka," in ji Malam ga Auta. "Sau ɗaya zan faɗa."

Ya jingina sandar a jikin wuyan babur ɗin mai aski, ya bi karkatarsa har ƙasa, ya yi alama da alli inda ta taɓa siminti. Ya saki zaren daga tsakiyar tayar gaba, ya yi alama ta biyu daidai inda taya ke taka ƙasa. Alamar wuya tana gaba, ta taya tana baya. Ya ɗora hannu tsakaninsu.

"Yatsu huɗu. Ka taɓa jan kujerar ofis mai taya? Ƙafarta tana juyowa da kanta ta bi inda aka ja ta, saboda tayar tana bayan inda take juyawa. Haka nan ma. Wannan 'yar tazarar ce ke sa tayar gaba ta miƙe da kanta in ta taka dutse. In ta yi yawa, babur zai tafi sak amma ya ƙi kwana, kuma in ka rage gudu kan ya faɗo maka. Masu kamfani ba tsoro suka ji ba, awo suka yi."

Ya koma kan nasa babur ya auna. Taƙi ɗaya da rabi.

"To," in ji Malam. "Ga abin da nake nema, ba roƙo nake yi ba. Ka cire bututun famfo. Ka mayar da wuyan inda ka same shi. Yatsu huɗu, gobe da safe. Jibi Alhamis."

Auta ya tsaya yana kallon alamomin, yana gyaɗa kai kamar likita. Sai fuskarsa ta washe.

"Ai Malam maganarmu ɗaya ce! Tazarar nan ita ce mai laifi."

"Ban ce haka ba."

"Ka kwantar da hankalinka. Na gane fiye da yadda ka faɗa."

A shekara talatin da biyar na koyarwa, duk ɗalibin da ya taɓa gaya wa Malam haka sifiri ya ci. Ya kamata ya tuna.

Laraba da safe ya tarar an cire bututun famfo, wannan kam an yi. Amma wuyan an sake yanke shi an tsayar da shi ƙiƙam, tayar gaba ta dawo ta maƙale a ƙarƙashin fitila, saura kaɗan ta taɓa inji. Babur ɗin ya yi kama da akuyar da ta hango kare ta ja birki. Malam ya sa sanda, ya sa zare. Alamomin biyu suka hau kan juna.

"Ina yatsu huɗun?"

"Na cire su duka," in ji Auta, yana bugun ƙirji. "Yawanta ne ya kai ka cikin robobi, kai ka faɗa. To in taƙi da rabi ciwo ne, yatsu huɗu ai ragowar ciwo ne. Ni ba na rabin magani."

"Auta, in miya ta yi gishiri, sai a ce gishiri ne abokin gaba, a daina sa shi har abada?"

"Malam, wannan girki ne. Hau ka ji."

Lokaci ya ƙure, dole Malam ya san abin da zai kai fili gobe. Ya hau. Kan babur ɗin ya yi sakayau kamar ba a haɗe yake da komai ba. Malam ya ɗan waiwaya ya dubi wani lungu, babur ya nufi lungun. Ya dawo da ido titi, babur ya dawo. Ƙurar niƙan ƙarfe ta shigar masa hanci, ya yi atishawa ɗaya, sai ga shi a cikin shagon mai aski, tayar gaba tsakanin ƙafafun wani mai gyaran gemu da aka yi wa rabi.

"Layi ake bi, Malam," in ji mai aski.

"Sauƙin sarrafawa ke nan!" Auta ya yi ihu daga waje. "Kun gani? Da tunani kawai yake juyawa!"

Da aka fito da shi aka gwada a titi da ɗan gudu, sai kan ya fara karkarwa, dama, hagu, dama, hagu, har haƙoran Malam suna haɗuwa. Ya tsaya da ƙyar, ya sauko yana riƙe da ƙugu.

Auta bai rasa magani ba. Ya ɗauko babban sifana ya ɗaure notin wuya tamau. Karkarwar ta ragu, amma yanzu kan ba ya gyara kansa ko kaɗan, babur ya riƙa tafiya yana tangaɗi daga wannan gefen titi zuwa wancan, har wata mata ta janye 'ya'yanta ta ce ba ta taɓa zaton Malam yana shan wani abu ba. Auta ya sassauta notin, ya yanko tsohon tubun taya ya ɗaure kan babur da roba ta dama da ta hagu. Ya kawo bulo guda ya ɗaure a kan fitila, wai don gaba ya yi nauyi ya natsu. Mai robobi, da ya zo kallo don a ganinsa yanzu yana da haƙƙi a cikin maganar, ya nuna yashin gefen titi.

"Injiniya, babur ɗaya ne ya wuce nan ko biyu?"

Sawu biyu ne a yashin, gefe da gefe. An liƙe wuyan a karkace, tayar baya ba ta bin ta gaba.

"Ƙarin kwanciyar hankali ne," in ji Auta. "Mota ma sawu biyu take yi."

Malam ya jingine babur ɗin. Ya zauna a benci, ya fiddo takarda da biro, ya rubuta abin da aka yi wa babur ɗinsa tun daga Litinin, ɗaya bayan ɗaya, da lamba, da lokaci. Laifi goma sha ɗaya ya samu. Ya karanta su da ƙarfi a gaban jama'a, ya ninke takardar ya sa a aljihu.

"Gobe za ka zo fili," in ji shi. "Ka tsaya kusa da aikinka."

"Ni da zan zo da shaidu? Gobe sufeto da kansa zai nemi lambar wayata."

Ranar Alhamis Malam bai hau babur ɗin ba, tura shi ya yi tun daga gida har fili, ya iso tara saura minti biyar, rigarsa sharkaf da gumi. Matarsa ta biyo shi a tasi da sandarta, ta ce ita ma tana son ta gani da idonta. Auta ya iso a kan nasa babur, ya faka shi a inuwar wata bishiya, ya sauko cikin farar riga irin ta masu aikin asibiti, masu zaman benci da mai aski na biye da shi a ƙafa.

Filin shimfiɗaɗɗen siminti ne. An jera jajayen robobi masu tsini guda shida da za a ratsa tsakaninsu, sai miƙaƙƙen wuri, sai farin layi inda ake taka birki, bayansa tarin tsofaffin tayoyi. Sufeton, wani siririn mutum mai furfura da bai yi kama da mai dariya ba, ya zo kan babur ɗin Malam ya tsaya. Ya dubi bulon. Ya ja robar ya saki. Ya durƙusa ya daɗe yana kallon waldar wuyan.

"Wa ya yi wannan?"

Auta ya ratso jama'a. "Ni ne, ranka ya daɗe. Sabuwar fasaha ce. Ka ga masu kamfani..."

"To mai fasaha ya hau. Ba zan ɗora dattijo a kan wannan ba."

Murmushin Auta ya ɗan daskare, amma shaidunsa suna kallo. Ya naɗe farar riga ya hau.

Robar farko ya take ta. Ta biyu ya take ta. Duk lokacin da ya karkata kai, tubun da ya ɗaure sai ya fizgo shi ya wurga shi ɗaya gefen. Cikin shida babu wadda ta tsira, ta ƙarshe ma ta maƙale a ƙarƙashin inji tana kururuwa a kan siminti.

"Gwajin yara ne wannan!" ya yi ihu. "Ku ga gudu!"

Ya murɗa mai. Kan babur ya fara karkarwa, sannan ya fara marin tanki, dama da hagu, ƙwas, ƙwas, ƙwas, hannuwan Auta na bin sa kamar mai tankaɗe. Roba ɗaya ta tsinke. Bulon ya fice ya yi nasa wuri, jama'a suka dare. Da farin layi ya matso, Auta ya damƙe birkin gaba iya ƙarfinsa, gaba ya nutse, taya ta daki inji ta ƙame. Babur ya tsaya nan take. Auta bai tsaya ba. Ya tashi ta saman fitila, farar riga na kaɗawa, ya shige tarin tayoyi da ka, ƙafafunsa biyu a sama suna harbin iska.

Sai aka ji ƙaras. Waldar wuyan ta rabu. Gangar jikin babur ɗin ta durƙusa a kan inji, tayar gaba da kai da madubai suka gangaro su kaɗai, suka yi 'yar kwana mai kyau, ita ce kwana mai kyau ta farko tun Litinin, suka faɗi a gaban takalmin sufeto.

Sufeton ya karɓi gwangwanin fenti ya zana jan kuros a kan tanki.

"Ka yi haƙuri, Baba. Wuyan da aka yanka sau biyu ba ya komawa titi."

Dariyar jama'a ta lafa. Malam ya tsaya a kan babur ɗinsa, ya fiddo hankici ya goge ƙurar da ke kan sirdi, ya mayar da hankicin aljihu. Ya dubi matarsa da ke dogare da sanda. Sannan ya ɗaga kai, idonsa ya sauka a inuwar bishiya.

Ya taka har can ba gaggawa. Ya ari sandar matarsa ya jingina a wuyan babur ɗin Auta, ya yi alama, ya saki zare, ya yi ta biyu, ya ɗora hannu. A lokacin an zaro Auta daga cikin tayoyi, yana ɗingishi, baƙin zobe a goshinsa.

"Yatsu huɗu," in ji Malam, yadda kowa zai ji. "Fentin kamfani ma bai kankare ba. Shekara nawa yana hannunka?"

"Uku."

"Shekara uku kana kwana kana tashi da babur mai kuskure a wuya, kai da ka gano sirri, ba ka gyara shi ba?"

Auta ya dubi babur ɗinsa. "Wannan ai... wannan na hawa ne, Malam."

Mai aski ya zauna daɓas a ƙasa don dariya. Har sufeto sai da ya juya baya yana tari.

Matar Malam ba ta yi dariya ba. Ta karɓi sandarta, ta matso, ta buɗe tafin hannu a gaban ƙaninta.

"Auta. Makulli."

"Haba Yaya, ni da me zan riƙa..."

"Da ƙafa. Taka lafiyarta ƙalau, na ga yadda take harbin iska. Makulli, da takardu."

Ya dubi shaidunsa, babu wanda ya dube shi. Ya miƙa. Sufeton ya nuna musu ofishin da ake canza sunan mai abin hawa, ƙofa ta biyu, ya ce in sun fito a kawo babur ɗin layi. Ta tasa ƙaninta a gaba da sanda har ciki, Malam na biye, ya karanta kowace takarda sau biyu kafin ya bari a sa hannu.

Da aka sake jera robobin, Malam ya ratsa shidan ba tare da ya taɓa ko ɗaya ba, ya tsaya a kan farin layi daidai. Aka buga hatimi. Ya ɗora matarsa a baya, ya jira ta gyara zaman gwiwarta, ya tayar da inji.

Sun kusa ƙofar fita sai ga Auta ya biyo su da ɗingishi, farar riga a yage, yana ɗaga hannu.

"Malam! Malam, don girman Allah, kada ka bari kowa ya taɓa masa wuya!"